Gwanin Ƙarshen Baiti

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cikin masu Ishiriniya na unguwarmu a Dogondutsi, kuma ban iya Ishiriniya ba. Na daɗe ina kallon wannan magana a kan takarda ina neman inda zan rage mata kaifi, in ce "ban gama iyawa ba" ko "da sauran gyara", amma Allah na gani, alƙalami ya ƙi.

Mu ba wata ƙungiya ba ce mai hatimi da ma'aji. In an cika mukan kai ashirin, in damina ta kankama mu koma takwas. Akwai teloli biyu, da mahauci, da wani tsohon soja mai ji da kunne ɗaya, da ɗan kabu-kabu, sauran manoma ne, sai Malam da ke ja muna bi. Ba mai biyanmu, mu ne ma ke zuba dala ashirin-ashirin ta shayi da sukari. Kowane daren Juma'a bayan lisha a shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan Malam, a yi harafi ɗaya ko biyu. In watan Mauludi ya kama kuwa kullum ne, daga daren farko har a sauke a daren sha biyu. A cikin wannan taro ni ne mai babbar murya. Baƙo in ya zo, ni yake fara nunawa da baki. An sha cewa in iska ta daidaita ana jiyo ni daga gindin Tozon Bijini, kuma ban taɓa ƙaryata mai faɗin haka ba.

Tarihin waƙar kam, sai dai in koya wa wani, don shi ana samun sa a littattafan Faransanci, inda nake da ƙarfi. Tashe ni tsakar dare, zan gaya maka Abu Zaidi Abdurrahman Alfazazi ne ya tsara ta a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, shekara ta 604 bayan Hijira, wato wajen 1208, ya kuma rasu a 1230. Zan gaya maka sunanta na yanka Alwasa'ilul Mutaƙabbala, Ishiriniya laƙabi ne, domin kowane harafi an yi masa baiti ashirin na yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Harafi 29 har da lam'alif, baiti 580 ke nan. Ibnu Muhibu ya yi mata tahamisi, ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ya zama mai biyar, lissafi ya tashi ɗango 2,900. In na ga mai sauraro bai fara hamma ba, sai in ƙaro masa Ɗan Masani na Katsina, wanda ya yi mata sharhi ya rasu a 1667, da Shehu Gibrima na Nguru da ya taƙaita sharhin nan, littafinsa na hannun almajirai har yau. Kan in kai nan mutum ya riga ya sallama. Wa zai dubi mai wannan bayani ya ce masa "to ja mana baiti ɗaya mu ji"?

Daga cikin ɗangon nan 2,900, rabona shi ne gaɓar ƙarshe ta kowane na biyar.

Ga yadda sana'ar take. Alfazazi, Allah ya jiƙansa, ya yi wa irina gata ba da saninsa ba. Kowane baiti a harafin ba da ba yake ƙarewa, na harafin dal da dal, haka har a kai ya. To in Malam ya buɗe harafi, sai in kasa kunne a baitin farko in cafke amsa-amon. Daga nan shi ke nan. Ɗango huɗu ina guna-guni cikin hanci kamar zuma a gora, ina kaɗa kai, leɓe na motsi. In na biyar ya doso ƙarshe sai in cika ƙirji in saki harafin nan, in ja shi, in lanƙwasa shi, in riƙe har numfashin kowa ya ƙare nawa na nan. Salatin amshi da ake yi tsakanin baitoci kuwa na iya, wannan ko yaron da ke bin tabarma don ragowar shayi ya iya shi. Mai wucewa a hanya abin da ke isa kunnensa ke nan, ƙarshen baiti da amshi. Wato ni. Shekarar da muka je Mauludi Kiyota, garin Shehu Abubakar Hashimu, na ga inda irina ke sakewa: taron dubban mutane, kowa na ta kansa, ba mai duban bakin wani. Na dawo murya a dushe, aka yi ta yi mini sannu da ƙoƙari.

Ina da uzuri, na kuma iya jera shi. Mu mutanen Arewa ta nan Dogondutsi ba mu gaji wannan abu tun kaka da kakanni ba. Sakkwato ga ta nan kusa, amma jihadi bai musuluntar da ƙasar nan ba. Har Faransawa suka zo a 1899 suka gwabza da Sarauniya a Lugu, yawancin mutanenmu na kan al'adarsu, Baura na zaune a Bagaji, dutsen Tunguma na yanke shari'a. Kakana a wajen Matankari goge da ƙwarya ya sani, mahaifina ne farkon mai salla a gidanmu. Malam namu ma sai da ya yi shekaru a Zariya ya ɗauko Ishiriniyar a ka ya kawo. Ni an sa ni makarantar allo, ban kai Sabbi ba aka rubuta sunana a lakwal, daga nan hannuna ya koma farawa daga hagu. Shekara talatin da biyu ina mushe, wato malamin lakwal, Kiyeshe, Dumega, Gesheme, aji mai yara tamanin ba lasifika, a nan muryar ta ƙara buɗewa. Baƙaƙen Larabci ina gane su, amma ɗaya bayan ɗaya, tafiyar amalanke cikin rairayin fadama. Kan in haɗa kalma guda jama'a sun yi ɗango biyu.

Iyakar uzurin ke nan, kuma ba ya kai ni ko'ina. Mahaucinmu bai taɓa zama aji ko wane iri ba, da kunne ya haddace ta kaf, yana fiɗa yana bita. Ni abin da ya tare ni kalma uku ce da bakina ya kasa furtawa. Daren da na fara zuwa, sabon shiga antire, riga na ƙamshin guga, Malam ya matsa mini a tabarma ya ce, "Mushe, ka taɓa yin ta?" Ga tsofaffin ɗalibaina biyu zaune a wurin, ga iyayen wasu. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana tambaya ana rawar jiki, yau shi ake tambaya. Maimakon in ce ban iya ba, sai na ji bakina ya ce, "An ɗan taɓa, sai dai an kwana biyu." Malam ya ce madalla. Bashin wannan "an ɗan taɓa" nake biya har yau.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ne dodon masu irin wannan hali. Ranar hadda, in an tashi aji su rera tatsuniyar La Fontaine baki ɗaya, daga ƙofa nake gane mai motsa leɓe. Ina da tarko: ana cikin yi in ɗaga hannu ba zato, masu hadda su yi tsit don idonsu na kaina, sai muryar ɓarawo ta faɗo ita kaɗai a ƙarshen layi. Kunnuwan da na ja a kan wannan laifi, in an tara su za su cika ƙwarya. Kuma wace tatsuniya ce? Ta hankaka da dila, wadda aka zuga hankaka ya buɗe baki don a ji muryarsa, cukun da ke bakinsa ya faɗi. Kowace shekara sai na tsaya gaban allo na warware wa 'ya'yan mutane darasinta dalla-dalla. An buga littafin a 1668, shekara guda bayan rasuwar Ɗan Masani. Ka gani ko, ba na iya dainawa.

Haɗarin sana'ar yana daren da Malam ya ga damar zagayawa, kowa ya ja baiti ɗaya shi kaɗai. A nan lissafin lakwal ya yi mini rana. Ina ƙirga kawuna, in saura mutum biyu a iso kaina, sai shayi ya nemi ƙonewa. Tun shekarar farko na karɓi aikin shayi, ana ta sa mini albarka: dattijo, tsohon ma'aikaci, ga tawali'u, dubi yadda yake fifita gawayi. In shayi bai yi daidai ba, akwai tari, hunturu kuwa ba ya ba ni kunya. Sau da dama alwala ta karye a daidai gaɓar da ake bukata. Littafi ma ina da shi, bugun Kano mai rubutun Magaribawa, na kai wa baduku ya yi masa bangon fata. Ina zama kusa da babban tela, in ya juya shafi in juya.

Akwai dabara ta huɗu, ita ce na so in tsallake. Sau uku, da aka ritsa ni ba shayi ba tari, na rufe fuska da hannun riga, na bar kafaɗa tana rawa. Aka ce shauƙi ya kama Mushe, a wuce shi. Malamai na da sunan wannan, riya, kuma ba sa lissafa ta cikin ƙananan cututtuka. Da zan ce wa'azi ne ya raba ni da ita da na yi wata ƙaryar. Wani dare ne a harafin mim, sanyi ya sauko, muryoyin tsofaffin nan suka haɗu suka zama ɗaya, sai hawaye suka zo da kansu. Ban kira su ba, ban ma san ma'anar abin da ake faɗa ba. Da na ɗanɗani na gaskiya, sai kunyar na jabun nan uku ta rufe ni. Ban sake ba. Shayi da tari dai na ci gaba da su.

A fada kuwa ni ne lauyan Ishiriniya. Garin nan, kamar ko'ina, akwai masu ganin Mauludi bidi'a ne, tun da Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta ƙetaro iyaka ta iso mu. In gardama ta tashi sai a turo ni gaba, in yi ta ruwan shekaru da sunayen garuruwa. Rannan wani tsohon ɗalibina daga cikinsu, yaro mai ladabi, ya bari na gama ya ce, "Mushe, a gafarce ni, a fassara muna baiti guda mu ji abin da ke ciki, wataƙila mu ƙaru." Allah ya taimake ni ladan ya kira la'asar. Ban taɓa riga liman shiga masallaci ba sai ran nan.

Mutum ɗaya na taɓa buɗe wa cikina, shi ma don na san ba zai kai ni ƙofar Malam ba. Tsohon abokin aikina ne, Kirista, yana cikin mawaƙan cocin Katolika na garin nan, mishan ɗin da ke nan tun 1947. Su ma ba a biyansu, su ma sai kowa ya taso daga nema suke haɗuwa bita. Ya ce tun babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 aka buɗe wa harsunan mutane ƙofa a coci, amma shi da tsofaffin waƙoƙin Latin ya tashi, waɗanda ake jingina wa Fafaroma Giregori. Na ce yaushe ya rasu? Ya ce 604. Na miƙe tsaye: 604 tasu ta Miladiyya, 604 tamu ta Hijira! Ya ce in zauna, ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Ya ba ni labarin cewa a da mawaƙin coci kan shekara goma yana hadda da kunne, sai wani ɗan zuhudu na Italiya, Gido na garin Arezzo, wajen 1025 ya ja layuka ya ɗora alamomin kari a kansu, ya ce ya mai da goman nan ta koma ɗaya ko biyu. Do-re-mi da muka koya wa yara ma daga wurinsa ta samo tushe. Na ce to ka ji, da Ishiriniya na da irin wannan rubutu da tuni na sauke. Ya yi dariya har ya ƙware. "Mushe, ai kai ba kari ka rasa ba, kalmomi ka rasa. Su kuwa a rubuce suke, ga su nan cikin bangon fata." Ya ce su ma suna da irina, masu jiran Amin, sai dai nasu a sahun baya suke tsayawa.

Rana dubu ta ɓarawo. Mauludin bara aka gayyace mu wani ƙauye a ƙasar Tibiri, an ratse daga Kore Mairuwa, ana shirin yankan hatsi. Masu masauki sun yi hayar lasifika da batir, makirfo guda. Labarin muryata ya riga ni isa, sai mai gayya ya ɗauko makirfon ya dasa a gabana. Na ga Malam ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Rabonmu na daren daga ra ya fara. Na yi ra. Na yi zaira, na yi mata abin da ban taɓa yi ba, muryata na zagaya bayan rumbuna tana dawo mini, mata daga bayan darni na ta salati. Kai ya kumbura. A nan na karya dokar da ta rufa mini asiri shekara goma, ta kasa kunne a baitin farko. Na ce wa raina ai na san abin da ke biye. Watanni kafin nan na sayi ɗan littafin koyon baƙaƙe irin na 'yan Islamiyya, a ɓoye, na ce wa mai kanti na jikata ne. A cikinsa sin ke bin zaira. Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk zaman nan da nake yi, shi ne Ishiriniya jerin Magaribawa take bi: bayan zaira sai ɗa mai hannu, sin kuwa tana can wajen ƙarshe, bayan ƙaf.

Malam ya ja baitin farko ina gyara tsayin makirfo ina share maƙogwaro. Ɗango na biyar ya doso. Mutum goma sha bakwai suka sauka a kan ɗa, tare, a natse. Ni kuwa na saki sin. Ta lasifika. Na ja ta, na lanƙwasa ta yadda na saba, sai da na kai tsakiya na ji filin ya yi tsit ba kowa a bayana. Tarkona ne na aji, ba wanda ya ɗana shi, na kawo ƙafata da kaina. Wani yaro ya ƙyalƙyale, aka buge masa baki. Malam bai ɗaga kai ba, ya maimaita baitin, ya ɗan danna ƙarshen kamar mai nuna wa makaho rami.

A bayan mota ba wanda ya ce uffan har Dutsi. Washegari bayan asuba na je na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, na taho da wata magana mai nauyi. Ni ban iya Ishiriniya ba."

Bai ajiye tazbaha ba. "Mushe, ai tun daren hwarko munka gane. Wanda ya taɓa yin ta ba shi cewa an ɗan taɓa, sai dai shi ja. Kai kaɗai na ba ka san mun sani ba."

Na ce to me ya hana a kore ni?

"Mu kore ka mu samu wa? Muryoyinmu duk sun tsuhwa. Kai ka kai ta bakin hanya yara su jiyo su taho. Kuma shayinka na da daɗi." Ya ja ƙwaya biyu uku, sannan ya ce, "Amma da ka ce ba ka iya ba tun ran nan, da yanzu ka sauke har ka maimaita."

Tun da bakin ya buɗe, kowa ya kawo nasa. Babban tela ya ce shi tun yana yaro ya haddace, littafin don girmamawa yake riƙe shi. Da ya lura ina bin hannunsa, wani dare ya juya shafi baya, na juya baya. Ya haɗa uku ya juya, na haɗa uku. Shekara bakwai yana wannan wasa da ni, shi da tsohon soja suna ƙyafta wa juna ido. A gida na ɗauka zan ba uwargida mamaki, ko tankaɗen da take yi ba ta tsayar ba. "Mushe, wanda ya iya waƙa ko ɗaurin akuya shikai sai ta kuɓuce mai. Kai shekara goma ban taɓa jin ka rera ta kai ɗaya ba. Na dai yi kurum, tunda ba ni ka tambaya ba."

An ce gemu ba ya hana ilimi. Ina zaton mai wannan magana bai gwada da furfura ba. Malam ya haɗa ni da jikansa ɗan shekara goma sha biyu, Litinin da Laraba bayan la'asar, a zaure, da ƙofa a buɗe. Yaron na kirana Baba, yana cire takalmi kan ya shigo, amma ba ya raga mini ko wasali ɗaya. In na fara gudu don in isa inda nake da ƙarfi sai ya ɗaga hannu, daidai yadda nake yi a aji, ya ce, "Baba, ƙarshen ka iya, tsakiyar muka so." Yana kuma ba ni ma'ana kalma-kalma kamar yadda kakansa ya ba shi, sai yanzu nake sanin abin da na shekara goma ina wa ihu a wutsiya. Yaran unguwa sun sa mini Mushe Sin. In na wuce sai in ji ana huci a bayana kamar tayar keke ta sace, in na waiwaya kowa na duban sama.

Wata tara, baiti tara na harafin farko. Na zauna na buga lissafi: baiti guda a wata, 580 za su ci shekara 48 da wata huɗu, ni kuwa na ba sittin da bakwai baya. Na kai wa Malam takardar, da layin ja a ƙarƙashin amsa. Ya ce lokacin da na ɓata a kanta ya isa ɗango guda.

Kada mai karatu ya ɗauka na warke. In an zagayo kaina yanzu nakan ce ban iya ba, amma har yau sai in ji kamar ana cire mini haƙori. Baitocin nan tara ina yin su da gaskiya, a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ba wanda ke jiyo ni ko daga bakin rijiya. Da an shiga na goma sai zuma ta koma gora, ƙirji ya fara cika da kansa. Makon jiya ma wani baƙo daga Doso ya zauna kusa da ni, kan Malam ya fito na kai shi Ƙurɗuba na dawo da shi ta Katsina.

Shayi an karɓe an ba ɗan kabu-kabu, makirfo kuma ba a sake dasa shi a gabana ba. Daren Juma'ar nan daga zaira za a tashi. Yau Talata, Malam ya riga ya aiko yaro ya gaya mini harafin da ke biye.